Ƙarfen Gashin Baba

Tun da na dawo daga Chaina ban samu sukuni a shago ba. Duk wanda ya zo sayen kwaɗon ƙofa sai ya ja benci ya zauna: "Habibu, yaya ƙasar take? Me kuka ci? Wai da gaske ka dawo da faifan ƙarfe a cikin jakar hannu?" Na maimaita har bakina ya gaji. To ga shi nan na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da cinikina.

Kun san sana'ata, kwaɗo da sakata a kasuwar Sabon Gari. Alhaji Mudi, maƙwabcin shagona, ya daɗe yana zuwa Guangzhou, wanda 'yan kasuwa ke kira Gwanzu, kuma shi ya dame ni da cewa in daina saye a hannun 'yan Legas, in je inda ake ƙera abin. Amma ba kwaɗo ne ya hana ni natsuwa a tafiyar nan ba. Baba ne.

Mahaifina mafarauci ne, a garinmu can kudancin Kano. Duk shekara da zarar an kai amfanin gona gida, su da abokansa sai su shiga daji a ƙafa, kwana da kwanaki, kowa da jakarsa a baya. Yanzu idonsa ya rage, ya daina harbi. Abin da ya rage masa shi ne gashi: duk naman da aka samo shi ke yin bandarsa don kada ya lalace kafin a dawo gida. Yana da ƙarfen gashi da wani mai walda ya haɗa masa da rodi tun ina firamare, ƙafa huɗu, in ka ɗaga shi sai ka yi nishi. Bara bayansa ya riƙe, likita ya ce kada ya ƙara ɗaukar kaya mai nauyi. Na ce, "Baba, ka bar wa wani cikin matasan ya ɗaukar maka mana." Kallon da ya yi mini kamar na zage shi. A wurinsu, ranar da wani ya ɗaukar maka kaya, ranar ka ajiye farauta. Ba za a kore ka ba, amma baɗi ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ranar da na je sallama, yayata Binta, wadda ke kula da shi, ta ja ni bayan rumbu. "Ka ce can suna ƙera komai. Ka nemo masa marar nauyi. In ba haka ba wallahi tsohon nan zai saɓa wancan ƙarfen ya tafi, a kawo mana shi a kan gadon kara." Na ce in sha Allah. Ta ce, "Ba in sha Allah ta 'yan kasuwa ba."

Bayan ƙaramar Sallah muka tashi. Mota zuwa Legas, jirgi zuwa Adis Ababa, muka zauna a filin jirgi har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani jirgin da na ɗauka ba zai taɓa sauka ba. Alhaji Mudi yana zama ya rufe fuska da hula ya kama minshari. Ni kuwa idona biyu, ina kallon ɗan hoton jirgi a allo yana jan ciki a kan teku.

A filin jirgin Gwanzu aka fara yi mini maraba. Matata ta ƙulle mini kilishi da garin yaji. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi motsi. Jami'in ya buɗe, ya ɗaga kilishin sama yana juya shi kamar ya tsinci tsohon takalmi. Na yi masa bayani da Hausa, na yi da Turanci, na gutsura na ci a gabansa. Ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya jefa shi a kwandon shara. Kilishin Sallah guda! Yajin ya shinshina, ya yi atishawa, ya mayar mini da sauri. Alhaji Mudi yana gefe yana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Alhaji, ka san haka za a yi ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Ni ma haka aka yi mini. Me ya sa kai za ka tsira?"

Unguwar da muka sauka sunanta Shawbe, nan baƙaƙen fata ke taruwa. Kana tafe ka ji wani ya ce "Sannu Alhaji" da Hausar Agadas, wani da ta Kumasi. Ɗakinmu yana can saman bene, gado biyu da ɗan lungu tsakani, in ɗaya zai yi sallah sai ɗaya ya hau gado. Katifar kuwa sunanta kawai katifa. Babu buta a bayi, sai da muka yanke robar ruwa. In ka nemi ruwan sha su kawo maka mai zafi, wai shi ne lafiya. Abinci muna ci wurin Musulmin ƙasar, masu farar hula. Mutum zai ɗauki ƙullin fulawa ya ja, ya ninka, ya ja, kafin ka ƙifta ido ya zama taliya. Suka ba ni tsinke biyu in ci da su. Na yi fama, na ɓata gaban rigata, daga ƙarshe na wanke hannu na yi bisimilla. Yara suka taru a ƙofa suna kallo, na ce su kalla, ba a kansu aka fara ba.

Maganar kwaɗo ba ta ba ni wahala ba, Alhaji Mudi ya san kowane shago. Ƙarfen gashi ne ya zame mini aiki. Na shiga benaye, hawa bayan hawa, ina kwatantawa da hannu: wuta a ƙasa, nama a sama. Wani ya nuna mini na gidan abinci, tsawonsa ya kai gado. Wani ya kawo mai lantarki. Na ce masa, "Lawban, a daji ina zan jona?" Lawban shi ne maigida a bakinsu. Shi kuma amsarsa ɗaya ce da ta kowa: "Meyo." Wato babu. Na ji meyo har na fara jin ta a kunnena ko ba a faɗa ba.

A shagon buga waya na haɗu da Isufu, ɗalibi daga Damagaram da ke karatun injiniya a can, yana ɗan yi wa 'yan kasuwa tafinta. Yana jin Hausata ya ce, "Bakano ya ɓata a kasuwa? Yau na ga abin mamaki." Na ce, "Bawana, zo ka yi wa ubangidanka aiki." Kun san wasanmu da su. Da na yi masa bayani, sai ya ce, "To, ai kayan masu hawa dutse kake nema." Wai akwai mutane, Turawa da 'yan Chainar kansu, masu gida da mota da aikin ofis, ranar hutu sai su ɗaure jaka a baya su shiga daji a ƙafa su kwana a ƙasa. Na ce, "Me suke farauta?" Ya ce ba komai. "Itace suke nema?" A'a. "An kore su ne?" Ya ce don nishaɗi. Na ce Allah mai iko. Amma tunda komai a bayansu suke ɗauka, an ƙera musu tukunya da murhu da ƙarfen gashi da ba su da nauyi, kuma masu ƙera su suna baje kolin da ake yi a Pajo.

Pajo ba kasuwa ba ce, gari ne aka yi wa rufi. Muka yi ta tafiya, ni da Isufu da Alhaji Mudi, har tafin ƙafata ya yi zafi, kafin muka iso ɓangaren tantuna da jakunkuna. Can a wani lungu muka tarar da wata mata, gajera, da gilashi a ido, ta jera ƙarafan gashi iri-iri. Isufu ya yi mata bayani. Ta yi murmushi ta zaro wani abu daga jakar yadi, shafal kamar faifai. Ta buɗe shi, ƙafafu huɗu suka fito, ya tsaya. Ta miƙo mini.

To a nan sana'a ta ci ni. Shekara nawa ina sayar da kwaɗo, hannuna shi ne ma'aunina. Kwaɗo in ka ɗaga ka ji shi da nauyi, na kirki ne. In ka ji shi fayau, jabu ne, yaro ma zai ɓalle shi da dutse. Na ɗaga abin nan na ji kamar ban riƙe komai ba. Na ƙwanƙwasa shi da zobe, ya yi wata 'yar ƙara siririya. Na tambayi kuɗinsa, Isufu ya faɗa, na ji ya fi duk na teburin tsada. Raina ya ɓaci. Na ce, "Isufu, gaya mata ni ba baƙo ba ne a harkar ƙarfe. Gwangwanin madara za ta sayar mini da wannan kuɗi? Ta kawo orijina."

Alhaji Mudi ya karɓa ya jinjina, ya taɓe baki. "Wannan ko kaza aka ɗora masa zai durƙusa."

Isufu ya ce, "Yaya Habibu, ba marar nauyi ka ce ba?"

"Marar nauyi na ce, ban ce marar ƙwari ba. Kai dai fassara."

Matar ba ta yi musu ba. Ta sunkuya ta jawo wani, na jinjina, na ce da sauƙi. Ta jawo wani. Ta shiga bayan labule ta fito da wani baƙi mai kauri tana riƙe da shi hannu biyu. Na ɗaga na ji shi cak a hannu, na ƙwanƙwasa ya amsa da murya irin ta maza. Na ce yauwa! Ta faɗi wata magana tana dariya, Isufu ya ce wai ta ce 'yan Najeriya kullum sai mai nauyi. Na ɗauka yabo ne. Da yake ranar ce ta ƙarshe a zangonsu na baje kolin, ta yarda ta sayar mini da na nunin. Na rataya shi a kafaɗa ina jin kaina.

Kafin mu fita daga ginin na sauya kafaɗa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na ajiye shi tsakanin ƙafafuna. Da muka iso gadar masu tafiya a ƙafa ta Shawbe, ina tsakiyar matakala na dire shi, na dafa ƙarfen gadar ina haki, igiyar ta yi mini shaida a wuya. Ni da ban kai arba'in ba. Isufu ya tsaya yana kallona, bakinsa na motsi, na ce, "In ka yi magana sai na jefa ka ƙasa."

Daga nan shagon waya na wuce. Kun san sabis bai daɗe da isa garinmu ba, sai Yaya Binta ta fita bakin masallaci take samu. Na kira ta. Ta ce Baba ya fito da tsohon ƙarfen tsakar gida, ya goge shi, ya saɓa don ya gwada. Ya yi taku kaɗan ya zauna a kan turmi, ya daɗe bai tashi ba, kuma ya hana kowa ya taɓa shi. Abokansa sun sa rana, Asabar ta sama. "Ka samu?" Na kalli abin da ke jingine a ƙafata. Ƙarfen Baba ne sak, an dai shafa masa fenti. Na ce, "Na kusa." Ta ce, "Habibu, kusa ba ta shiga jaka."

Wallahi ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Na tsallaka teku in sayo rashin nauyi, an miƙo mini shi a hannu, na ce a ƙaro nauyi.

Washegari tun da safe na koma Pajo ni kaɗai. An hana shiga, ana sauya kaya. Na leƙa ta ƙofa, inda tantuna suke jiya an fara jera tawul. Na tsaya ina tambayar masu gadi da hannu, suna ce mini meyo. Na koma Shawbe, na nemi Isufu, aka ce yana makaranta. Na kasa zama a ɗaki, na kasa cin abinci. Alhaji Mudi ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, in an dawo baje koli na gaba sai mu saya, a sa a kwantena." Na ce, "Alhaji, kwantenar da sai ta yi wata da watanni a ruwa? Asabar fa aka ce!" Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Sai ya ce in sha ruwa. Ruwan ma mai zafi ne.

Da la'asar Isufu ya zo. Ashe sun yi hira da matar lokacin da nake ta jinjina ƙarfe, ya san garin da masana'antarsu take, can bayan birni. Ya ce zai kai ni, amma da sharaɗi: in faɗa da bakina cewa Badamagare ya fi Bakano wayo. Na faɗa. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Allah ya isa.

Washegari kafin mu hau mota na biya wurin mahautan masu farar hula na sayi cinyar rago, na zuba yajina a aljihu. Hankalina ya yarda, amma hannuna bai yarda ba, kuma ba zan kai wa Baba abin da ban gani a kan wuta ba. Motar ta yi ta ratsa masana'antu, ba gona ba fili, ina ta tambayar Isufu ko mun kusa har ya daina amsa mini.

Matar tana ganina ta tuntsire da dariya, ta yi alamar ɗaukar kaya mai nauyi tana ɗingishi. Na haɗiye. Isufu ya gaya mata labarin Baba, da bayansa, da ƙa'idar abokansa. Sai ta daina dariyar. Ta ce nata uban ma ya ƙi barin gonar shinkafa, sun yi sun yi. Ta sa aka kawo gawayi a tsakar masana'antar, aka buɗe ɗan faifan nan a kai. Wai irin ƙarfen da ake sa wa jirgin sama ne, sunansa ya ƙi zama a bakina.

Na hura wuta sosai, da gangan. Na ɗora cinyar gaba ɗaya, ban yanka ba. Na tsuguna ina jiran ya lanƙwashe. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, ƙarfen ya sauya launi, ya yi shuɗi-shuɗi, amma ko gezau. Na danna shi da wuƙa. Na juya naman na sake dannawa. Ma'aikata suka fito cin abincin rana suka kewaye mu. Na yanka na barbaɗa yaji na miƙa musu. Suka ci, suka yi tari, hawaye na zuba, suka sake miƙo hannu. Da ya huce na naɗe shi, ya koma shafal kamar ba a taɓa shi ba. Matar ta ce bari a kawo sabo a kwali. Na ce a'a, wannan da na gwada nake so. Na ce mata shiye-shiye, wato na gode, har sau nawa ban sani ba.

Mai nauyin na bar wa Alhaji Mudi ya sa a kwantena tare da kwaɗuna. Wannan kuwa a jakar hannu na sa shi, tsakanin riguna. A kowane filin jirgi sai an fito da shi an jujjuya, ni kuma ina tuna kilishi. Jirginmu ya yi latti a Adis Ababa, na yi ta zagaye kujeru har wani ɗan Mali ya ce in zauna ina sa shi jiri. A Legas ban tsaya ba, a Kano ko gida ban shiga ba, na wuce tasha. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa garinmu.

Baba yana zaune a zaure, tsohon ƙarfen jingine kusa da jakarsa, an riga an ɗaura masa igiya. Na gaishe shi, na zaro nawa na buɗe na miƙa masa. Ya karɓa. Ya jinjina. Ya ƙwanƙwasa da farce. Wallahi kamar ina kallon kaina a madubi.

"Habibu, an cuce ka."

"Baba, ba a cuce ni ba."

"Wannan ai murfin kwano ne. Don wannan ka hau jirgi?"

Yaya Binta tana bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Baba ya kawo shi kusa da idonsa, ya ga shuɗin wuta. Ya shinshina.

"An yi gashi a kan wannan."

"Ni na yi. Cinyar rago guda, a kan wuta mai ƙarfi."

"Kai? Yaushe ka iya gashi?"

"Ban iya ba. Naman ya ƙone ta gefe ɗaya. Amma ƙarfen bai motsa ba."

Ya ajiye shi a ƙasa, ya ɗora tafin hannu ya danna da iya ƙarfinsa. Ya naɗe, ya buɗe, ya sake naɗewa. Sai ya ce a kawo mini abinci.

Da safe abokansa suka taru a ƙofar gida da karnukansu. Baba ya fito, ya kalli tsohon ƙarfen, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Sa mini naka a jaka." Na sa. Ya saɓa jakar da kansa, ya miƙe tsaye, ya bi sahu. Bai kai bakin rijiya ba ya tsaya, ya kai hannu baya yana laluben jakar. Ya juyo.

"Habibu! Ka tabbata ka sa?"

"Yana ciki, Baba."

"To ni ban ji shi ba."

"Abin da na je nema ke nan."

Ya yi tsaki, ya gyara hula, ya ci gaba. Yaya Binta tana kuka tana dariya, tana goge fuska da bakin zane. Muka tsaya a nan muna kallonsu har suka sha kwanar gonaki, shi a tsakiyarsu, kuma babu wanda ya taɓa masa jaka.